Waiwaye: Ina Hotunan 'Yan Teyatur Ɗinmu?

A zamanin shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta yi tashe a Nijar. Tun bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, kowace gunduma takan shirya teyatur ɗinta, wato wasan kwaikwayo, a kara a jiha, gwanaye su wuce gaba. Samarin Tasawa da Mayahi ma sun taka rawarsu. Tela ya yini kan keke, da dare ya naɗa rawani ya zama sarki. Malamin makaranta ya manna gemun auduga ya koma boka. Sunan ɗan wasa Yazi Dogo kuwa har ƙauye ya kai.

Bayan wasa akan tsaya gaban mai hoto da kayan wasa a jiki. Hoton fari da baƙi ne, sai dai wani mai hoton yakan bi shi da launi da hannu, ya ɗiga ja a dara, ya shafa shuɗi a riga. A rataya shi kusa da almanakar 'yan fim ɗin Indiya. Yau ina suke? Gara ta ci wasu, yoyon damina ya jiƙa wasu, sauran kuma yara suka yayyaga su.

Wasu kuwa sun adana nasu. A Landan, daga 1811 wani mai suna William West ya riƙa buga zanen 'yan wasan dandamali cikin shigarsu. Marar launi kwabo ɗaya, wanda aka yi wa launi da hannu kwabo biyu. Yara maza ne yawancin masu saye, wasu har su liƙa ƙyallen siliki da ƙyalƙyali a kan rigar ɗan wasan. Shahararren ɗan wasa Edmund Kean ya mutu a 1833, kafin hoton kyamara ya bazu, amma irin waɗannan takardu sun taimaka wajen adana tsayuwarsa da zare idonsa. Yau gidan tarihi na Victoria da Albert yana ajiye da su, masu tarawa kuma suna sayensu da tsada.

Kayan kwabo ne, ajiya ce ta ba su daraja. Mu ma muna da gwanaye, riƙo ne ya gagare mu.

Don Allah, mai hoton 'yan teyatur ɗinmu a ƙasan akwati ya fito da shi. Ya kai wa dattawan da suka yi wasan tun suna raye, su faɗi sunaye da shekara, ya rubuta a bayansa, ya ɗauke shi a waya, sannan ya adana shi nesa da laima.