Kafin a sayi faranti, a fara da batir

Duk wanda ya ɗaga kai a unguwar Bobiyel ta birnin Yamai zai ga dogayen ƙarafa sun yawaita. Wasu na manyan kamfanonin salula ne, kamar Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Zancenmu na yau kuwa a kan ƙananan ƙarafa ne, waɗanda ake kafawa bisa rufin makaranta, ko ɗakin shan magani, ko gidan ƙungiya, a ɗaura musu wani farin faranti. Farantin nan eriya ce. Ita ke karɓo intanet ta iska daga wani ƙarfe da ke nesa, ba tare da an ja waya ba.

Mun lura cewa idan ƙungiya ta tara kuɗi domin wannan aiki, kusan dukansu a kan faranti suke ƙarewa. Kowa so yake a ce nasa ya fi girma. Batir kuma sai a saya da canjin da ya rage. A ganinmu an juya lissafin. A garinmu, abin da ya fi kashe intanet shi ne rashin wuta.

Mun ga haka da idonmu a wata cibiya da muke zagayawa. Matan ƙungiyar lambu sun yi karo-karo, aka kafa musu eriya domin su riƙa jin farashin albasa da tumatir kafin su kai kasuwa. Da bazara ta shigo, sai abin ya riƙa mutuwa kullum da azahar. Aka yi ta zagin mai ba da rezo. Da aka buɗe akwatin, ashe batirin mota ne aka kulle cikin akwatin ƙarfe a tsakar rana, har ya kumbura. Farantin lafiyarsa lau. Kuɗin matan ne suka tafi.

Kada mu manta da shekarar 2023. A lokacin, mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta aka yanke ta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai ƙarfin megawat 30, ta fara aiki a cikin wannan tsakani, ta rage wahala. Amma ko yanzu, wanda ya yi bazara a Yamai ya san kuran yakan tafi ba sallama. Saboda haka ƙarfen da ba shi da wutar kansa ba a dogara da shi.

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. Ƙaramar eriya takan ci wat 10 ko ƙasa da haka. A ce akwai eriya biyu da akwatin raba rezo ɗaya, duka sun ci wat 30. Dare da rana awa 24 ne. Idan aka ninka 30 sau 24, an sami 720. Wannan shi ne abincin ƙarfen na kwana ɗaya. Batirin dalma mai volt 12 da amfa 200 yana ɗaukar 2400, amma rabi kawai ake ci, domin idan ana ƙarar da shi kullum, da wuri zai mutu. Ke nan 1200 ne namu, abin da bai kai na kwana biyu ba. Allon hasken rana mai wat 300 zai iya cika shi a ranar da sama ta yi garau. Duk wanda ya koyi ninkawa a ajinmu zai iya yin wannan lissafi a gaban mai sayarwa, kuma muna so ya yi.

Zafi shi ne babban abokin gābar batir. An ƙera batirin dalma domin ya zauna a wuri mai awo 25. Duk lokacin da zafin ya ƙaru da awo 10, kwanakinsa sukan ragu da kusan rabi. To, a watan Afrilu da Mayu awon zafi a Yamai yakan wuce 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe. A ajiye batir a ɗaki mai shan iska, a ɗaga shi daga ƙasa. Batirin mota kuma an yi shi ne domin tada inji na ɗan lokaci, ba ya jure aikin dare da rana. Batirin litiyom ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, kuma ana iya cin mafi yawan wutarsa. Ƙungiyar da ke da hali, shi muke ba ta shawara.

Da damina kuma akwai aradu. Dogon ƙarfe yana kiranta. Dole a ja waya mai kauri ta jan ƙarfe daga ƙarfen zuwa sandar da aka binne a ƙasa. Masu aiki da yawa sukan tsallake wannan domin ba a ganinsa. Mu tsaya a kansu har su yi, domin akwai yara a ƙarƙashin rufin.

Zaɓen farantin kansa bai kai wannan wuya ba. Sharaɗin farko shi ne eriyoyin biyu su ga juna. Bishiyar dogon yaro ko sabon bene na iya tare hanya, Bobiyel kuwa kullum gini ake yi. Saboda haka ɗan ƙarin tsawon ƙarfe yakan fi babban faranti amfani. A kuma duba ƙarfin wutar da eriya ke so. Wasu volt 24 suke ci, wasu 48, kuma ta cikin wayar rezo wutar ke hawa. Idan aka ba mai 24 wutar 48, tana iya ƙonewa nan take. Wanda ke son sayar wa maƙwabta rezo, ya fara tambayar hukumar ARCEP ƙa'idarta.

Tun shekarar 2025 kamfanin Starlink ke aiki a Nijar, wasu na cewa zancen ƙarfe ya ƙare. Mu ba mu yarda ba. Babban farantinsa yakan ci wat 50 zuwa 100, wato ninkin ƙaramar eriya sau da yawa. Shi ma batir zai nema, har ya fi.

Saura ƙura. Da hunturu takan rufe allon hasken rana cikin kwana kaɗan, wuta ta ragu, a ce batir ya lalace. Ruwa kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, da sassafe kafin allon ya yi zafi. Matan da muka ambata sun sake karo-karo, sun sayi batirin da ya dace, sun mayar da shi cikin ɗaki. A littafin ƙungiyar, ƙarƙashin sunan ma'aji, sun rubuta sunan mai share allo kowace Juma'a.