Wai yaushe Maraɗi ta yi nisa haka?

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Mai ƙarancin data ya wuce abinsa, ba laifi.

Yau kwana 21 ina shirin tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba: Kano zuwa Maraɗi. Hajiyarmu haifaffiyar can ce, aure ya kawo ta Kano. Ƙanwarta guda da ta rage mata a duniya tana kwance ba lafiya, shi ne ta ce in kai ta su ga juna. Na ce to Hajiya, ki ba ni kwana biyu in kintsa mota. Kwana biyun ne suka zama mako uku. Jiya da daddare ta kalle ni ta ce, "Kai ɗan nan, Makka za ka kai ni ne?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta, shi ya sa na kawo ƙarar nan.

Mu fara da takardu. A rubuce babu wata matsala. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza har tsawon kwana 90. Da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu har sai an sake sanarwa. Su ma ƙasashen AES sun ce ɗan ECOWAS ya shigo ba biza. To ka ji magana mai daɗi. Amma je ka tasha ka tambayi direbobi uku da suke bin hanyar. Na farko ya ce min katin ɗan ƙasa ya isa. Na biyu ya ce kul, sai babban fasfo, a gabansa aka mayar da wani. Na uku ya yi dariya ya ce, "Alhaji, bar batun takarda, ka dai riƙe canji." Kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da ya gani ranar da ya bi, a hannun wanda ya tarar a bakin aiki. Dokar da take canzawa da canjin mai gadi kuwa tarko ce.

Don haka na haɗa komai: fasfo nawa da na Hajiya, katin rigakafin shawara, lasisin tuƙi, takardun mota, inshora, da tambayar yadda ake karɓar takardar izinin shiga da mota a can. Tsohuwa mai ciwon gwiwa na kai ta ta bi layin ɗaukar hoto, don ta je garin da aka binne cibiyarta.

Sai hanya. Mafi kusa ita ce Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Amma kowa ya san abin da yankin Jibiya ya sha a hannun 'yan bindiga a shekarun nan, kuma ƙauyukan Madarumfa da ke tsallake ba su tsira ba. Wani ya ce ana sulhu, hanya ta yi lafiya. Wani ya ce kar ka yarda la'asar ta same ka. Ɗaya hanyar ita ce ta Daura, a fita ta Kwangwalam, a bi Matamaye, a hau babban titin da ya haɗa Damagaram da Yamai, a yi yamma ta Tasawa. Zagaye ne sosai, mai ya ƙaru, awanni sun ƙaru, ga tsohuwa a mota. Ka zauna kana auna ran mahaifiyarka da litar fetur. Wannan shi ake kira shirin tafiya a yau.

Sai shingaye. Zuwana na ƙarshe na fara ƙirga su, na gaji na bari. Kaki kala-kala, ice da ƙusa a kan titi, wani ma ba kaki, sanda ce kawai da tocila. A wani shingen na miƙa takarduna cif, ba abin da ya rage. Mutumin ya juya su, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "To, takardu sun cika. Ina nawa?" A tsallake ma haka, harshe ne ya ɗan canza, kuɗin ya koma sefa. A nan a ce maka na ruwa, a can a ce maka na shayi. Tun ranar na gane cewa cikar takarda laifi ce a wurin wanda ya fito neman ƙarancinta.

Sai kuɗi. Naira ta faɗi, kowa ya sani. A da ɗan Najeriya yakan shiga kasuwar Maraɗi yana taƙama, yanzu in ka canza kuɗinka zuwa jaka-jaka sai ka sake ƙirgawa ko mai canji ya yi kuskure. Kuma dole ka ɗauki tsaba a jikinka, a hanyar da kake tsoron a tare ka.

To a nan nake son mu tsaya mu yi wa juna tambaya. Wa ya mayar da Maraɗi ƙasar waje haka?

Maraɗi Katsina ce. Sarautar Haɓe da ta bar Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 can ta je ta zauna, har gobe ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba mu, mai tsawon kusan kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta jan sa a yarjejeniyoyinsu daga 1890 zuwa 1906, ba tare da sun tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Agogonmu ɗaya da su, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Amma ni yau ba Bature nake zargi ba, ya tafi tun 1960. Shi layi ya ja a takarda. Namu ne suka ɗora katanga a kai.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka ce don shinkafa. A Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a gama numfasawa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023. Cikin kwanaki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe boda, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har ana maganar tura sojoji. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe boda a watan Maris. Ku faɗa min, a watannin nan wane janar ne ya kwana da yunwa? Wane minista ne firjinsa ya mutu? Wanda ya ji jiki shi ne mai albasar da ta ruɓe a kan mota, da direban da ya kwana wata da watanni a bakin iyaka, da mara lafiyar da ya saba tsallakawa neman magani.

A cikin wannan rufewar Kawu ya rasu a Maraɗi, yayan Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya. An ce akwai ɓarauniyar hanya, 'yan acaɓa suna bi ta daji. Ta ce a kai ta ko a kan jaki ne. Ni na hana. Ta karɓi gaisuwar ɗan'uwanta ta waya, murya tana yankewa. Ta yafe min, amma ni ban yafe wa waɗanda suka sa ni yanke wannan hukunci ba.

Yanzu na zo kanku, sojojin Facebook. Ku na wannan ɓangaren da kuka riƙa rubuta "a rufe, su ji a jikinsu, mu muke ciyar da su", da ku na can da kuke rubuta "ba mu buƙatar 'yan amshin shatan Faransa". Na lura yawancinku ba ku taɓa ganin bodar ba. Kuna zaune a Abuja ko Yamai, wasu ma a Turai, kuna hura wutar da gidan wani za ta ci. Kai mai cewa mu muke ciyar da su, ka tambayi mahauci daga ina raƙumi da ragon Sallarka suke shigowa. Kai kuma mai cewa ba ka buƙatar kowa, shiga kasuwar garinku ka duba rabin kayan da ke kan tebur daga ina suka fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan a kanmu duka take.

Na san abin da za a rubuta a ƙasa: tsaro. Za a ce makamai suna shigowa, 'yan ta'adda suna tsallakawa. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja. Ni ma ina son a bincika motata, a buɗe but, a duba ƙarƙashin kujera. Amma a yi mana adalci: mai safarar bindiga ba ya bin layi a shinge riƙe da katin rigakafi. Daji yake bi, da dare, a kan babur. Shingen da ɗari biyar take buɗe shi wane ɗan ta'adda zai tsare? Tsohuwa kawai yake tsarewa, da mai buhun gero. In tsaro ake so, shinge ƙalilan masu bincike na gaskiya sun fi tarin masu miƙa hannu.

Mu ma fa muna da namu laifin, kar mu yi ta nuna yatsa. Da yawanmu ba ma son yin takarda. Mun fi son mu naɗe kuɗi a tafin hannu mu miƙa, a ce "wuce". Direba ma yakan tara na shinge daga fasinjoji tun a tasha, kamar wani haraji. Ranar da wani ya tsaya ya ce takarduna sun cika ba zan bayar ba, 'yan motar ne za su fara zaginsa, wai yana ɓata musu lokaci. Na gani da idona. In bera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A kafa allo a kowace mashiga, Jibiya, Kwangwalam, Maigatari, Illela, Kamba, da takwarorinsu na tsallake, a rubuta da Hausa, boko da ajami: ga takardun da ake buƙata, ga kuɗin da doka ta ce, ga wanda ba a biya. Duk abin da aka karɓa a ba da rasit. A sa lambar kai ƙara da ake ɗauka. Gwamnonin Katsina da Jigawa da Sakkwato su zauna da na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ba sai an jira Abuja da Yamai sun gama fushi ba. An ga yadda malamai da sarakuna suka shiga tsakani a Agustan 2023 lokacin da 'yan siyasa ke kaɗa gangar yaƙi. Su sake buɗe baki a kan wannan, don zumunci ma addini ne. Ana ta gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, madalla. Amma kafin jirgi ya zo, a bar mu mu bi titin da muke da shi.

Mun tsayar da ranar Asabar in Allah ya kai mu. Da asuba za mu tashi, ta Daura. Na sauya taya biyu, na ware canji a aljihun gaba, abin da nake zagi shi zan yi, don ba zan tsaya musu da mai kaki Hajiya tana zaune cikin rana ba. Ita kuwa tun shekaranjiya ta ɗaure kayanta: atamfa turmi biyu, man zafi, da goro.

Wanda ya bi hanyar Kwangwalam a cikin makon nan ya taimaka ya faɗa min abin da ya tarar. Wanda ya gani da idonsa nake nufi, ban da "an ce". Sauran kuma ku sa mu a addu'a, Allah ya sa mu same ta da rai.