Na'urar Shinshinar Rada Ta Cika Ihun Ƙarya: Da Me Za A Maye Gurbinta?

 

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani ɗan yayata da ke jigilar kaya da ƙaramar mota daga Idumota zuwa Agege da Mile 12, wani lokaci har Ibadan. Bara ya sayi wata 'yar na'ura a wani shago a Idumota, wadda ake maƙalawa a gilashin gaba a jona wayarta a wurin kunna sigari. Mai shagon ya ce masa muddin tana cikin motar babu mai kama shi da laifin gudu, domin tun daga nesa za ta shinshino bindigar auna gudu ta yi masa ihu ya rage wuta. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya same ni da ita a hannu.

"Kawu, wallahi abin nan ya ishe ni," in ji shi. "Tun daga gadar Carter take kuka har na iso Pen Cinema, kuma ban ga ko da jami'i ɗaya ba. Ranar kuwa da na gan su da idona a hanyar Ibadan, ko tari ba ta yi ba. An ce akwai wadda ta fi ta, ta Amurka. Wacce za ka ba ni shawara in saya?"

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ita ce zan kawo a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne a cikinmu ya zuba kuɗi a wannan abu.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa na'urar ba ta ganin jami'i, ba ta kuma san kakinsa ba. Rediyo ce kawai mai kama tashoshi uku. Bindigar auna gudu tana harba igiyar rediyo kan mota, igiyar ta dawo mata da ɗan canji gwargwadon saurin motar, daga wannan canjin ne take lissafa gudun. Zangunan da aka saba amfani da su guda uku ne: wanda ake kira X a wajen gigahaz 10.5, da K a wajen gigahaz 24, sai Ka daga kusan 33 zuwa 36. Duk abin da ya yi motsi a waɗannan zanguna, na'urar za ta yi ƙara. To matsalar ita ce ba bindigar auna gudu kaɗai ke zaune a wurin ba. Ƙofofin gilashin nan na manyan kantuna da otal-otal da ke buɗe kansu in ka tunkaro, da yawansu da irin wannan igiya suke jin zuwanka. Wanda ya fi wannan kuma su ne motocin zamani. Motocin tokumbo da yawa da ake shigowa da su yanzu suna da 'yar rada a cikin bambar baya, wadda ke kunna wa direba wuta a madubi in akwai mota a gefensa da bai gani ba, kuma da dama daga cikinsu a zangon K suke aiki. Ka duba yadda muke jeruwa a gadar Third Mainland, tsawon kilomita 11.8, bamba na taɓa bamba. Jip ɗaya mai irin wannan rada ta tsaya gabanka, to ka samu abokin hira har Oworonshoki. Har ma ita kanta na'urar, mai arha daga cikinsu tana yoyon igiya, ta sa ta motar da ke kusa da ita ta kama ihu. Wato biyu su haɗu a gosulo suna yi wa juna haushi.

Wannan ke nan game da ihun ƙarya. Shirun ƙarya kuwa ya fi shi muni, kuma shi ne mai shago ba zai gaya maka ba. Akwai bindigar da ba a barinta a kunne, sai mota ta shigo saiti sannan a danna, kafin na'urarka ta buɗe baki an riga an karanta gudunka. Akwai kuma wadda ke aiki da hasken leza, tsininta siriri ne, kan motarka kaɗai ake ɗora shi. In ka ji ƙara a nan, sanarwa ce ake yi maka cewa an gama.

Sai kuma mu zo kan abin da ya fi shafar mu a Ikko yau, wato kyamara. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin jihar Legas, ta bakin kwamishinan sufuri Oluwaseun Osiyemi, ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a Alapere kan hanyar Ogudu, inda iyaka take kilomita 80 a awa, da kuma wajen Nitel kan titin Mobolaji Bank-Anthony a Ikeja, inda take kilomita 60. Tarar da aka sanar a lokacin ita ce naira 50,000 ga wanda ya wuce iyaka, da naira 20,000 ga wanda ya ƙetare jar wuta a wurare irin mahaɗar Allen. Babu mai tsayar da kai, babu "oga abeg". Lambar motarka ake ɗauka, saƙon tes ya iske ka a gida kana cin tuwo. Kyamarar da ke karanta lamba ba ta buƙatar harba komai, kallo kawai take yi. A duniya ma kyamarorin gudu iri-iri ne, wasu da waya a ƙarƙashin kwalta suke aiki, wasu lokacin da ka ɗauka tsakanin wuri biyu suke lissafawa, wasu kuma radarsu mai rauni ce ƙwarai. Yawancin 'yan na'urorin da ke rataye a shagunanmu an ƙera su ne don kasuwar wasu ƙasashe da irin kayan aikin 'yan sandansu, babu wanda ya tuna da Alapere lokacin da ake haɗa su.

Don kada a ce na ƙi amsa tambaya, ga abin da ke bambanta mai tsada da mai arha. Kamfanoni irin su Escort da Uniden suna yin waɗanda ke da GPS a ciki, ta yadda in ka wuce ƙofar kanti ɗaya sau da yawa na'urar za ta haddace wurin ta daina kuka a kansa. Suna da matatar da ke ƙoƙarin ware radar gefen mota daga ta jami'i, ana iya kashe zangon X gaba ɗaya, ana iya sa su yi shiru in kana tafiya a hankali, ana kuma sabunta manhajarsu ta kwamfuta. Duk wadda ba ta da waɗannan, abin wasan yara ce mai fitilu. Amma ko su masu tsadar ba su rabu da ihun ƙarya ba, raguwa kawai yake yi. Da dala ake sayensu, ka kuma san yadda dala take. Sannan wanda ya san Idumota da Alaba ya san kwali daban, abin da ke cikinsa daban. A can ƙasashen ma ba ko'ina ake maraba da su ba. A Amurka an haramta su a jihar Virginia da birnin Washington, an kuma hana direbobin manyan motocin haya sa su a faɗin ƙasar. Jamus da Faransa duk sun haramta su. Masu zuwa ci-rani Turai sai su kiyaye.

Ra'ayina dai shi ne kada a sayi wata. Ba wai don ta farkon ba ta da kyau ba ne kawai, a'a, ko da an samu wadda ba ta ƙarya ko sau ɗaya, aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne abin dubawa. Mene ne amfaninta in ba ta ba ka dama ka ƙure maleji inda ba a ganinka ba?

Wani abokina da muka yi gardamar a majalisa ya ce shi ba don gudu yake so ba, don ya kauce wa masu tsayar da mutane a hanya suna neman na goro ne. Na fahimce shi sarai, domin duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Arewa ya san wannan ciwo. Amma mutumin da ya gindaya katako mai ƙusoshi a kan titi ba ya fitar da igiyar rediyo. Na'urarka za ta yi tsit har ka iso gabansa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Akwai kuma illar da shi ihun ƙaryar ke yi wa direba. Ɗayan biyu ne. Ko dai kunnenka ya saba, ka daina jin ta kwata-kwata, ka ga kuɗinka ya tafi a banza. Ko kuma ka zama duk ƙarar da ta yi sai ƙafarka ta faɗa kan birki, a tsakiyar gada, danfo na bin ka a baya da tazarar taku uku. Ɗan yayata da kansa ya amsa cewa sau biyu ana kusan shigar masa ta baya saboda haka.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan kasuwa. Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan kusan kilomita 127 ce. Iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa ƙananan motoci a irin wannan hanya kilomita 100 ne a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka 60, cikin gari kuma 50 ga ƙananan motoci. In ka yi ta tafiya a kan 100 ba tsayawa, minti 76 ne. In ka haura 120, minti 64 ne. Ribar duka ba ta wuce minti 13 ba, kuma kai da ni mun san cewa gosulon Berger ko na Kara zai karɓe ta har da riba. Me ka biya kafin ka sami wannan minti 13? A kan 120 motarka tana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafarka ta bar totur. Tazarar da birki ke buƙata kuma ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take yi: in ka ninka gudu sau biyu, tazarar ta ninku sau huɗu. Daga 100 zuwa 120 kaɗai ta ƙaru da kusan rabi. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. Ita hukumar, wadda aka kafa a 1988, ba shinshina ta zaɓa ba, tun ranar 1 ga Fabrairu 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, wadda ke hana motar kanta wuce iyaka. Ko ana bin dokar yadda ya kamata, wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya fi damuna kuwa, wanda ba na jin daɗin faɗa amma dole a faɗa, shi ne matsayinmu a garin nan. Mu baƙi ne ko da an haife mu a Agege. In ɗan gari ya buge mutum, direba ne ya yi hatsari. In ɗanmu ne, sai ka ji an ce "Hausa ne", daga nan mai shayi da mai faci da mai tura baro da ba su san hawa ba su san sauka ba su ne za su kwana da ido ɗaya. Waɗanda ke Mile 12 a watan Maris na 2016 ba su manta ba. Rikicin da ya ci rayuka ya sa aka rufe kasuwar, kamar yadda aka ruwaito, daga hatsarin ɗan acaba ɗaya ya taso. Don haka ƙafar direbanmu a kan totur ba tasa ce shi kaɗai ba.

To da me za a maye gurbinta? Da na shiga motar yaron sai na gano wani abu da ya fi na'urar muhimmanci. Motar daga Amurka aka kawo ta, manyan lambobin malejinta mil ne, kilomita kuwa 'yan ƙanana ne a ciki da sai ka ƙura ido. Shi kuma duk zamansa in ya ga allura a kan 80 yana ɗauka yana cikin doka a Alapere. Mil 80 kuwa kusan kilomita 129 ne. Mil 50 shi ne kilomita 80, mil 37 shi ne 60, mil 62 shi ne 100. Ina roƙon duk mai tokumbo ya fita yau ya duba nasa. Muka yanki farin salatif muka manna a kan waɗannan wurare uku, ko sisi ba mu kashe ba. Wayar da ke aljihunsa ma tana iya nuna masa ainihin gudunsa da kilomita ta manhajar taswira irin Google Maps ko Waze, a kafe ta wuri ɗaya kafin a tashi, ba a riƙe a hannu ba. Motoci da yawa kuma suna da ƙararrawar da kai za ka saita mata iyaka. Wannan in ta yi ƙara, to da gaske ka wuce.

Daga nan muka durƙusa muka duba tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, alal misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Nasa na gaba biyu duk sun haura shekara bakwai, kuma da su yake tafiya Ibadan da kaya har rufi.

Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya ce, "To Kawu, ita wannan fa, in mayar wa mai shagon?" Na ce masa ya gwada, amma ya tuna rasit ɗin da aka ba shi ko sunan shago babu a kai. Jiya ya kira ni daga Ladipo yana tambayar yadda zai gane sabuwar taya da wadda aka goge da mai, na ce ya karanto mini lambobin nan huɗu kafin ya ƙirga wa kowa kuɗi.