Ku Bar Ni In Rubuta Labarinmu

'Yan'uwana mazauna Sabo da Zango da Ama Hausa, da duk wata unguwar baƙi da neman abinci ya ajiye mu a cikinta, ina rubuto muku daga Inkil, nan bakin hanyar Gombe a garin Bauchi.

Yau magana ce da ni a kan masu cewa rubuta littafin labari zaman banza ne. Tun da na bayyana cewa burina a duniya shi ne in zama marubuci, na sha jin maganganu iri uku daga mutanenmu. Wasu su ce littafin Hausa ai na mata ne, namiji da gemunsa ba ya zama yana ƙirƙirar ƙarya. Wasu su ce ɗan kasuwa ba ya ɓata lokaci a kan abin da ba ya kawo ko sisi. Wasu kuma, musamman waɗanda suka ɗan taɓa jami'a, su ce wai ni da iyakata sakandare me na sani da zan rubuta, in ma dole ne to in yi da Turanci. Na daɗe ina haɗiye waɗannan maganganu saboda wasu masu faɗarsu sun haife ni, amma yau zan amsa su, cikin ladabi, ba tare da na ɓoye komai ba.

Kafin nan bari in faɗi abin da nake son rubutawa, don kada a ce soyayyar ɗan Alhaji da 'yar talaka zan sake maimaitawa. Kakana fataken goro ne daga ƙasar Kano. Mahaifina a Jos aka haife shi, can ya yi aure, can ya buɗe shago, can aka haife ni. Bayan rikicin Nuwamba 2008 muka tattaro abin da ya rage muka dawo Bauchi, ya sake kafa kansa da sayar da kayan masarufi. In na je Kano sai a ce ga ɗan Jos, a Jos an ce mu baƙi ne, a nan Bauchi kuma har gobe in aka zo maganar takardar shaidar asali sai a tambaye ni garin kakana. Na san da yawanku haka kuke, wanda aka haifa a Agege ko Sagamu ko Onitsha ya san wannan ciwo fiye da ni. To wannan rayuwa, ta kaka da uba da jika, ita nake son in zuba a littafi. Ku faɗa mini, a cikin littattafan da ake sayarwa a kasuwa, guda nawa kuka karanta kuka ga kanku a ciki?

Masu cewa namiji mai mutunci ba ya rubuta labari, ban san ko sun taɓa zuwa kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin nan ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar. Wanda ya rubuta Shaihu Umar wani matashin malamin makarantar Midil ne a nan Bauchi, shekarunsa ba su wuce nawa na yanzu ba, don a 1912 aka haife shi. Shi ne ya zo ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shin rubuta labarin ya rage masa mutunci? Har fim aka yi da littafin a 1976.

Kuma ku dubi abin da labarin ya ƙunsa. Yaro ne aka raba shi da garinsu, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sahunsa tana nema, daga ƙarshe ya zo ya zauna a Rauta, kusa da Bauchi, yana karantarwa. Wato littafin farko da ɗan Bauchi ya ba Hausa, labarin baƙo ne, labarin mutumin da hanya ta rene shi. Ita kanta Inkil ɗin nan da nake zaune, a nan Malam Yakubu ya fara zama kafin ya kafa birnin Bauchi. Kowa da kuka gani a cikin ganuwa, akwai ranar da kakansa ya sauke kaya.

Maganar cewa littafi na mata ne kuwa, ni ba zagi nake ɗaukarta ba, abin kunya ne gare mu maza. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. A 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla. Su mata sun zauna sun rubuta abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, kishiya da saki da auren dole, har duniya ta ji. Mu kuwa da muka san tasha da shingen 'yan sanda da kwana a bayan tirela da shanu, muna zaune a majalisa muna yi musu dariya. Wa ya fi wani amfani a nan?

Na yarda akwai littattafan banza. Akwai na batsa da ake yawo da su a wayoyi, ni ma ba zan so ƙanwata ta karanta su ba. Amma wannan ba dalili ba ne na yi wa kowa kuɗin goro. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, to yau ina tambaya, an daina rubutu? Ba a daina ba, sai ma ya koma cikin waya inda babu mai iya sa masa ashana. Maganin mugun littafi shi ne a rubuta mai kyau. A kasuwa ma in wani yana tauye mudu, ba a rufe kasuwar, sai dai a koma wajen mai cika mudunsa.

Yanzu ga masu cewa ɗan kasuwa da alƙalami ba su haɗa hanya ba. Ku nemi tarihin Alhaji Umaru na Kete-Krachi. A Kano aka haife shi wajen 1858, ɗan fatake ne kamar ni da ku, ya bi hanyar Gwanja ya zauna a Salaga, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi, a ƙasar Ghana ta yau, can ya rasu a 1934. Wannan bawan Allah ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da Larabci waɗanda har yau masana ke komawa gare su in suna son sanin yadda Bahaushe ya rayu a wancan zamani. Attajirai nawa aka yi a Salaga a lokacinsa, masu ɗaruruwan jakuna? Ku kawo mini sunan guda biyar. Dukiyarsu an raba gado ta ƙare, takardunsa kuwa suna nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. An kafa Sabon Ibadan a 1916. Littafin da aka fi sani a kan yadda mutanenmu suka riƙe cinikin shanu da goro a can, yadda maigida ke saukar da baƙo ya tsaya masa a kan bashi, yadda dillali ke haɗa mai saye da mai sayarwa da amana kawai ba takarda, wani masani ne daga Ingila mai suna Abner Cohen ya rubuta shi, ya fito a 1969, da Turanci. Ban raina aikinsa ba, ya yi ƙoƙari. Amma jikokin mutanen da ya zauna da su, nawa ne suka taɓa ganin littafin? Kuma shi bincike ya yi, ba zai iya faɗa maka abin da matar bafatake ke ji a ranta in miji ya yi wata shida bai aiko ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Rashin wannan rubutu yana da farashi, kuma da jini muke biya. Da aka yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, me duniya ta ji game da mu? Adadin gawa da adadin rumfunan da suka ƙone. Da aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, an yi ta magana mako biyu aka wuce. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa, yana da bashin da yake son biya, yana da wadda ya yi wa alkawari. Mutumin da maƙwabcinsa bai san shi da komai ba sai sunan "aboki", ya fi sauƙin dokewa. Ban ce littafi zai tare adda ba, ni ba yaro ba ne. Amma wanda ya yi kwana uku yana karanta rayuwar mai gyaran takalmi, ya san sunan 'yarsa, ya san abin da ya fito da shi daga ƙauye, da wuya gobe ya kalle shi kamar ba mutum ba. 'Ya'yanmu ma da ake haifa a can, waɗanda Hausarsu ta fara karyewa, suna bukatar abin da zai gaya musu daga ina suka fito.

Masu cewa in yi da Turanci, na gode da shawara. Na san Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos kamar ni, ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016 da littafinsa na Turanci, kuma na yi murna ƙwarai. Wannan hanyarsa ce, Allah ya ƙara masa basira. Ni mutanen da nake son su fara karanta ni su ne mahaifiyata da 'yan dako na kasuwar Muda Lawal da mai shayin tashar Gombe. In labarin ya yi kyau, mai fassara zai zo da ƙafarsa kamar yadda ya zo wa Hajiya Balaraba. Batun digiri kuwa, Ado Ahmad Gidan Dabino ta makarantar dare ta manya ya bi ya yi boko, amma In Da So Da Ƙauna ya zaga ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990, har a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Ba na raina ilimi, kuma in Allah ya hore zan ƙaro karatu. Amma ba zan zauna jiran takardar shaida ba kafin in rubuta abin da idona ya gani.

Ga abin da na ɗaura wa kaina, ina faɗa a fili don ku zama shaida. Ba zan bar shago ba, don ba zan ci da gumin tsohona ba da sunan ni marubuci ne. Kullum bayan sallar isha'i zan rubuta shafi 2, ko da wuta ko babu. Duk Juma'a da yamma zan je wajen dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya cikin mutanenmu in saurari abin da suka gani, in ɗauka a waya in sun yarda. Cikin shekara guda ina son in gama rubutun farko, in ba mutum uku da ba sa jin kunyata su yi masa fata-fata, in sake shi. Ba zan sa jarumina a gidan bene a Abuja ba, ba zan kai shi Dubai ba. Zai kwana a rumfa, zai ci bashi, zai yi rantsuwar ƙarya a kan farashi wata rana, don mu ma ba mala'iku ba ne. Kuma maƙwabcinsa Bayarabe ko Birom da ya ɓoye shi ranar tashin hankali zai samu babinsa cikakke, domin hakan ta faru ga mutanenmu da yawa, kuma butulci ne a share.

Ku kuma ga abin da nake roƙo. Iyayenmu, in kuka ga yaro da biro da littafi bayan ya gama aikinsa, kada ku kashe masa gwiwa, ku tambaye shi me yake rubutawa. Samari 'yan'uwana, duk mai kaka da rai ya zauna da shi tun kafin a sa shi a makara, don in ya tafi da labarin hanyar Gwanja ko na jirgin ƙasan Ikko babu inda za a sake samo shi. Sannan in littafi ya fito, nawa ko na wani, a saya. Mu 'yan kasuwa ne, mun san zafin a ɗauki kayanka a ce Allah ya saka. Wannan ɗabi'a ta "turo mini kyauta" ita ke kashe marubutanmu fiye da kowace hukumar tace littattafai. Wanda ke iya sayen katin waya kullum ba zai ce littafi guda ya fi ƙarfinsa ba.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu dai mun riga mun bari, tun kakanni, kuma yawancinmu a inda muke za a binne mu. Abin da ya rage shi ne ko za mu bar wa na baya wani abu da za su buɗe su ce ga yadda aka yi, ko kuwa sai wani ya sake zuwa daga Ingila ya gaya musu. Ni na zaɓi nawa. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini da hujja, wanda ke da labari kuma ya adana shi, ina nan tafe da littafina da birona.

Allah ya tsare mu a inda muke, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman halal.