An bar jaki ana dukan taiki

Duk hutun da na koma Takanamat daga jami'ar Abdu Mumuni, gardama ɗaya nake iskewa a gidanmu. Kawuna masassaƙi ne, shekara da shekaru yana riƙe da gizago. Ɗansa kuwa ya zauna Tawa, ya ga injin da ke juya gungume ana kanga mishi ƙarfe, turmi ya fito sumul kafin la'asar. Shi yana son ya sayi injin. Kawu ya ce: «Wanga ba sassaƙa ba ta, aski na!» Ɗan ya ce hannu ya tsufa. Sun yi wata ba su ci tuwo akushi guda ba.

Da na kawo zancen a cikinmu nan, sai ƴan boko sunka rabu biyu su ma. Wasu na kukan al'ada za ta mutu, wasu na kiran ci gaba. Ni dai na ce duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Ku masu kukan al'ada, da ku zan fara. Yaushe rabonku da sayen akushi? A roba kuke ci, a roba kuke sha. In kun je kasuwa, turmin da mutum ya kwana uku yana rarakewa ku taya shi kamar kuna sayen ƙaiƙayi. Yabon gizago a takarda ba ya sayen tiyar hatsi. Wanda bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba, da wane baki zai hana wani sauƙi?

Ku kuma masu inji, kar ku yi dariya tukuna. Inna ta sayi irin turminku, kyakkyawa kamar a sa a ɗakin amarya. Hunturu ɗaya ya tsage tun daga baki har gindi. Laifin ƙarfe ne? A'a. Ɗanyen icce ya fi daɗin yanka a inji, sai a sare yau a juya gobe. Bayan icce ya riga cikinsa bushewa, ya tsuke, ya buɗe. Wannan gaggawa ce, kuma mai gizago ma in ya yi ta, haka turminsa zai yi.

To ina jakin? Icce ne. Kawu na iya ƙwanƙwasa gungume ya ce maka bai nuna ba. Ya san aduwa ta ƙota ce da allo, daniya ta akushi, ƙirya kuwa ita ce sarauniyar turmi don gara ba ta yi mata kome. Ya san a inuwa ake shanya icce. Wannan sanin shi ne sana'ar. Amma itatuwan fa? Farin 1973 da na 1984 sun share dajin Adar, gatarinmu ya ida saura. Ƙirya sai an kawo daga kudu da tsada. Dokar daji ta 2004 ta tsare irin su gawo, kuma da gaskiyarta. An yi aikin raya ƙasa a Keita tun 1984, an dasa dogon yaro a kwarin Majiya, amma wa ya taɓa jin masassaƙa sun taru sun dasa abin da jikokinsu za su sassaƙa? Inji ba ya juya iska, gizago ma haka.

Abin da ya fi cina a matsayina na ɗalibin harshe: kalmomin na bin itatuwan. Kawu ya raba sassaƙa da rarakewa, ya raba fafewa da kankarewa da fiƙewa. Ƙanena duka «gyarawa» yake ce musu. Ran da tsohon nan ya kwanta dama, ba ƙamus ɗin da zai gaya maka ƙarar busasshen gungume.

Ga matsayina, wanda zai ji haushi ya ji. A bar yaro ya sayi injinsa, amma ya zauna gaban ubansa ya koyi icce tukuna. Mu kuma da muke cika takarda da «al'adunmu», hutun nan kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya nemi masassaƙin garinsu, ya rubuta sunan kowane icce da kowane sara. In zai tashi, ya sayi ko muciya ce, kuma kar ya nemi ragi.