Kunne Kafin Alƙalami: Buƙatar Darasin Ka'idojin Kiɗa a Sassan Hausa

A 'yan shekarun baya na zauna cikin malaman da suka duba kundin digirin farko na wani ɗalibi daga yankin Illo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Ya yi nazarin wani tsohon mai goge na garinsu, kuma ya yi aiki. Ya rubuta waƙoƙin ɗa bayan ɗa, ya fitar da turke, ya zaƙulo salon kamance da na zuga, ya bi tarihin makaɗin har zuwa kakanninsa. Sai na tambaye shi abu guda: sautuka nawa gogen ke hawa da sauka a kansu, kuma a kan wanne waƙar ke sauka idan za a dire? Ya yi shiru, daga bisani ya ce kiɗan dai yana da daɗi ƙwarai. Ban ga laifinsa ba. Mu muka koyar da shi, kuma a shekaru huɗun da ya yi a hannunmu ba mu taɓa zaunar da shi mun ce ya saurara ba.

Nazarin waƙar baka ya yi nisa a jami'o'inmu. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafi guda, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa mazhabar da yau ake bi wajen feɗe waƙa. Amma galibin abin da ɗalibanmu ke yi da wannan gado shi ne su raba waƙa da kiɗanta, su ajiye kalmomin a takarda, su yi ta juya su. Kalmar rauji kan fito a kowane kundi, a ba ta sakin layi ɗaya a wuce. Alhali Narambaɗa ba a takarda ya yi waƙa ba, da kotso ya yi ta, kuma wanda bai san abin da kotson ke yi a ƙarƙashin muryar ba, rabin aikin ya gani.

Ra'ayina shi ne a shigar da darasin share fage na ka'idojin kiɗa da horon kunne a shekarar farko ta karatun Hausa, a jami'o'i da kwalejojin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu. Irin wannan darasi tsohon abu ne a duniya. Ana koya wa ɗalibi gane tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, da ƙidayar bugu, da rubuta abin da ya ji, da rera abin da aka rubuta. A Nijeriya ma Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Abin da nake tsoro kawai shi ne a ɗauko manhajar yadda take a dasa mana.

Ga dalili. Idan aka danne tsirkiya a daidai tsakiyarta aka kaɗa, sautin farko ne ke dawowa, sai dai ya fi siriri, domin girgizarta ta ninka. Turawa sun yanka wannan tazara kashi 12 daidai wa daida, a kan haka aka gina fiyano. Yawancin kiɗan goge da molo da gurmi kuwa a kan matakai biyar yake tafiya, kuma matakan ba dole su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba. Mai goge na iya ajiye yatsarsa a tsakanin maɓalli biyu, ko ya zame daga wannan sauti zuwa wancan kamar mai kuka. Ɗalibin da aka hora kunnensa da fiyano kaɗai zai ji wannan ya kira shi kuskure. Mun riga mun fara ganin haka a sitidiyon Kano da Kaduna, inda manhajar Auto-Tune ke jan muryar mawaƙi zuwa maɓallin da ya fi kusa, har yaran yanzu suka fara jin muryar tsofaffin makaɗa kamar ta karkace.

A nan ne Bagudo ke da abin koya mana. Yaron da ya tashi a Illo ko Lolo ko Tsamiya, a cikin harsuna yake tasowa: Hausa, Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci, da harsunan Busawa da Kyangawa. In ban da Fulatanci, dukkansu harsuna ne masu karin sauti, inda hawan murya ko saukarta ke sauya ma'ana. Yaron da ke rarrabe kukan jariri da itacen kuka da kunne kawai, sannan ya shiga kasuwa ya yi irin wannan rarrabewa a wani harshen, ya riga ya ci rabin darasin horon kunne ba tare da ya sani ba. Yarabawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke koyar da karin sautin harshensu da do, re, mi. Mu kuma muna da kalangu. Makaɗi na matse tsarkiyoyinsa a hamata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har ya faɗi taken mutum a gane. Da kalangu guda a gaban aji, malami zai koyar da karin sautin Hausa da tazarar sautuka a zama ɗaya, ya kuma haɗa da gaɓa mai nauyi da marar nauyi da ɗaliban ke shan wahalarsu a darasin aruli.

Sannan akwai batun iyaka. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta tsaga ƙasar Borgu, Illo ta faɗo nan, 'yan uwanta suka faɗa can. Makaɗa ba su taɓa ɗaukar wannan layi da muhimmanci ba. Ana gayyatarsu biki a Malanbil da Segbana cikin Jamhuriyar Benin, ko Gaya ta Nijar, na can ma su ƙetaro. Mai nazarin da ke dogara ga kalmomi kaɗai zai tsaya inda Hausarsa ta tsaya, da zarar mawaƙi ya juya zuwa Dandanci shi ke nan. Mai kunne kuwa zai iya bin rauji guda daga wannan harshe zuwa wancan, ya nuna abin da aka ara da abin da aka sauya. Wannan fage ne na bincike da ke kwance a bakin Kogin Kwara, ba a tanadi mai shigarsa ba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su kawo saɓanin malamai a kan kiɗa, kuma ban raina wannan ba. Sai dai darasin ba ya neman mayar da kowa makaɗi. Jami'ar da ta yarda a rubuta kundi a kan Ɗan Anace da Gambu ta riga ta yarda a saurare su, abin da ya rage shi ne a saurara da ilimi. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, littafi sukutum ya rubuta a kan lissafin sautuka. Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na zuciya: har yanzu akwai malamin da zai ji nauyin a ce maroƙi ya shigo ajinsa ya koyar. To, ba mu da malaman da za su riƙe darasin su kaɗai. Dole mai ilimin harshe ya zauna da mai kalangu, a biya mai kalangun kuɗin koyarwa kamar kowane malamin wucin gadi, ba a sallame shi da kuɗin goro ba.

Ba mu ne za mu fara ba. A Hangari, Zoltan Kodaly ya bi ƙauyuka ya tattara waƙoƙin manoma, ya gina horon kunnen makarantun ƙasarsa a kansu, kuma da matakai biyar ɗin nan ya fara. A Yamai akwai cibiyar horon kiɗa mai sunan Elhaji Taya, wadda ta tanadi kayan kiɗan gargajiya na Nijar. Abin da zangon karatu guda ke buƙata a wurinmu kaɗan ne: kalangu, goge, ƙwarya, wayar hannu mai ɗaukar murya, da sharaɗin cewa kowane ɗalibi ya koma garinsu lokacin hutu ya ɗauko waƙa guda ya rubuta raujinta.

Tsohon mai gogen nan na Illo ya rasu bayan kammala kundin. Kalmominsa suna ɗakin karatu a ɗaure da bango mai kauri. Da na nemi ɗalibin ya ba ni muryar da ya ɗauka, sai ya ce wayar ta lalace tuni, kuma bai ga dalilin kwafe ta ba tunda ya riga ya rubuta waƙoƙin.