Firi'am Ba Ya Gyara Ɗaki

A ƙananan situdiyoyin da matasa ke buɗewa cikin gidaje a Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Sabon Layi, wata magana ta zauna daram: idan murya ba ta fita tangaram ba, laifin saunkad ne, maganin kuwa a sayo firi'am na daban. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, wannan shawara ta zama mai tsada, domin da Dala ake shigo da kayan. Ga mafi yawan masu ɗaukar murya a gida kuwa, kuɗin ba zai biya buƙata ba.

Aikin firi'am ɗaya ne. Siginar da makirufo ke fitarwa rarrauna ce ƙwarai, 'yan ɓurɓushin bolt guda, shi kuma ya ɗaga ta zuwa kimanin bolt 1.2, matakin da sauran na'urori ke aiki da shi. Kowane saunkad mai ramin makirufo yana da nasa a ciki. Focusrite Scarlett 2i2 na zubi na uku yana ƙara ƙarfi har desibel 56, na zubi na huɗu da ya fito a 2023 kuwa 69. Wannan ya wadaci kusan duk makirufon kondensa da ake rera waƙa ko karanta talla da shi.

Abin da masu tallar kaya ba su cika faɗa ba shi ne, firi'am ba ya zaɓe. Duk abin da ya shiga makirufo zai ɗaga: muryar mawaƙi, da ƙugin janaretan maƙwabta, da fankar da zafin Afrilu ya hana a kashe, da hon ɗin Keke Napep a bakin titi. Ɗakin siminti mai tayil, ba labule ba kafet, yana mayar da murya cikin makirufo a matsayin amsa-kuwwa, kuma ko Neve 1073, wanda manyan situdiyoyin duniya ke alfahari da shi tun 1970, amsa-kuwwar zai fito da ita fes. Haka ma gunjin lantarki a gidan da ba a binne wayar sauke wuta zuwa ƙasa ba. Mai sauraro ya yafe wa kaset ɗin Mamman Shata shuu ɗinsa saboda Shata ne. Sabon mawaƙin da ake ji ta iyafis a Audiomack ba shi da wannan gata.

Akwai inda ƙarin na'urar ke da hujja. Makirufo irin Shure SM7B, da masu shirye-shiryen hira ke so, yana buƙatar kimanin desibel 60, har tsohon saunkad ya ƙure maɓallinsa ya fara huci, musamman ga mai sanyin murya ko alaramma mai karatu a natse. Ko a nan, ƙaramin Cloudlifter mai ƙara desibel 25 kan isa.

Wanda ke riƙe da kuɗin firi'am a yau ya fara shiga kasuwa ya auno labule mai kauri da kafet, ya jingina katifa a bangon da ke bayansa, ya kira mai gyaran wuta, ya haɗa ƙaramar inbata don ya iya kashe janareta. Sannan ya ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin da ƙarfe biyun dare, ya sa a kunne ya saurara.